Waya Ta Cika da Darasi, Ciniki Bai Zo Ba: Matasan Korgom da Kasuwancin Intanet

Rumfar mai cajin waya ita ce majalisar da ta fi kowace cika a garuruwan kudancin Tasawa, musamman ranar kasuwa. Faifan sola a kan rufi, batir biyu a ƙasa, sai wani katako da aka jera wa ramukan caji, wayoyi sun yi masa rututu, kowace da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta don kada a yi musaya. Samari suna kan benci, kowa na jiran tasa ta cika. Mai rumfar ba wuta kaɗai yake sayarwa ba, har da tura kaya cikin memori: finafinan Kano, wa'azi, kokawar neman takobi, waƙoƙin biki. A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo sahu, wato bidiyon masu koyar da neman kuɗi da waya. Wannan ya tura wa wancan ta Xender, wancan ya jefa a guruf, kafin la'asar rabin bencin yana da shi. Kowane bidiyo da alkawarinsa. Wani zai koya maka talla a Facebook, wani sirrin TikTok ne a hannunsa, wani kuma ya ce ka watsar da duk waɗancan, tsohon yayi ne.

Korgom ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, kudu maso gabas da garin Tasawa, wajen da ƙasar Maraɗi ke haɗa kafaɗa da ta Damagaram, iyakar Najeriya kuma ba nisa. Noma da kiwo ne abin yi: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, sai tumaki da awaki a bayan kowane gida. A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da maƙwabciyarta Mayahi kowace ta haura mutum rabin miliyan, kuma kusan rabin 'yan Nijar ba su cika shekara 15 ba. Gona tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado. Da an kai amfani rumbu samari sai su ɗauki jaka, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, masu ƙarfin hali har Libiya da Aljeriya. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce akwai sana'ar da mutum zai yi yana zaune a ƙofar gidansu, da waya kawai, ba zai rasa masu saurare ba.

Sana'ar kuwa akwai ta. Ana sayar da raguna ta WhatsApp, ana sayar da atamfa da turaren wuta da kilishi. Abin da ke kayar da mai koyo ba rashin darasi ba ne. Darasin ne ya yi masa yawa, kuma akasarinsa an yi shi ne don wata kasuwa, ba tasa ba. Sai ka ga saurayi ya shekara yana “koyo”, wayarsa ta cika har tana ƙin ɗaukar hoto, ya san sunayen dabaru ashirin, amma ko sabulu ɗaya bai taɓa sayarwa ba.

Lokacin da waya ke amsa tambaya ɗaya

Kafin waya ta zama abin shagala, ta yi wa kasuwannin Nijar wani aiki da aka auna aka gani. Sabis ɗin salula ya fara shiga ƙasar a 2001, yana bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, wadda ta koyar a jami'ar Tufts a Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, tana kwatanta inda sabis ya isa da inda bai isa ba. A sakamakon da ta fitar a 2010, tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan zuwan waya, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna. Dalilin a fili yake. A da sai ɗan kasuwa ya biya kuɗin mota, ya sha ƙura yini guda, sannan ya san ko gero ya tashi a Maraɗi ko ya faɗi a Damagaram. Da waya ta zo, kira ɗaya ya isa: “Alhaji, an tashi lafiya? Nawa tiya yau a wajenku?”

Wayoyin da suka yi wannan aiki ƙananan nan ne masu madannai da tocila, ba hoto ba bidiyo. Amma mai riƙe da su yana da abu uku da yawancin masu koyon yau ba su da shi. Yana da tambaya guda. Ya san wanda zai yi wa ita. Ya kuma san abin da zai yi da amsar, ko ya ɗora buhunansa a mota, ko ya bar su a sito zuwa kasuwa mai zuwa. Labarin da ya samu kaɗan ne, amma duk ɗinsa ya shiga aljihu.

Tun a 1971 wani masani Ba'amurke, Herbert Simon, wanda daga baya ya karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya lura cewa shi ma labari yana da abin da yake ci, kuma abin da yake ci shi ne hankalin mai karɓarsa. In labari ya yi yawa, hankali ne zai yi ƙaranci. Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna wannan a kan masu aiki da kwamfuta. A 2004 mutum kan kai kusan minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya juya zuwa wani. A ma'aunanta na baya-bayan nan abin ya sauko zuwa wajen daƙiƙa 47. Ma'aikatan ofis na Amurka ta auna, ba manoman Tasawa ba, amma manhajar da ke hannun wancan ita ce ke hannun wannan, kuma an ƙera ta ne don kada yatsa ya huta.

Darasin wata kasuwa

Yawancin abin da ake koyarwa da sunan kasuwancin intanet a Amurka da Turai aka tsara shi, ya biyo ta Legas ko Abijan, wani lokaci ya yada zango a Kano aka sa masa Hausa. Mai tsara shi ya ɗauka cewa kana da katin banki da za ka biya kuɗin talla. Ya ɗauka kowane gida yana da lamba, akwai kuma kamfanin da zai kai kaya har ƙofa. Ya ɗauka mai saye yana karanta imel kullum safiya, wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba a lissafinta. A karkarar Nijar, waɗanda ke da wutar lantarki ba su kai ɗaya cikin goma ba, manyan da suka iya karatu da rubutun boko a faɗin ƙasar kuma ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Wanda ya kwashe sati uku yana koyon tara adireshin imel na masu saye, alhali masu sayensa saƙon murya suke saurare, ya koyi abu na gaskiya, sai dai ba inda zai kai shi.

Haka batun “a biya ka don an kalle ka”, wanda ya fi komai jan samari. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Shirin da TikTok ke biyan masu bidiyo bisa yawan kallo kuwa a ƙasashe kaɗan aka buɗe shi, irin su Amurka, Ingila, Faransa, Jamus da Brazil, Nijar ba ta ciki. Mai koyarwa ba kasafai yake faɗin wannan a farkon bidiyo ba, don in ya faɗa ba wanda zai kai ƙarshe.

Ko darasin da aka yi da Hausa tsantsa daga Kano ko Kaduna, sai an tace. Malamin zai ce a turo kuɗi ta OPay ko Moniepoint, lissafinsa duk da naira. A wannan ɓangaren kuwa kuɗi ta Nita yake zuwa, ko Amana, ko Al Izza, ko Airtel Money, lissafi kuma da sefa, da jika da dala. Kasuwannin bakin iyaka suna cin kuɗin biyu, kuma a nan ne mutum ke cin riba a baki ya tashi da asara a aljihu. Bayan an saki darajar naira a Yunin 2023 ta zame sosai, wanda ya yanka farashi da naira ya sayi kaya da sefa yana iya kwana da riba ya tashi babu. Iyakar ma ba kullum take buɗe ba: Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har farkon 2024. Babu bidiyon Amurka da zai koya maka wannan. Ɗan canjin da ke zaune da jakarsa a bakin kasuwa ya san shi tun kafin a haifi mai bidiyon.

Wa ke ciniki da wa?

Akwai tambayar da ya kamata mai koyo ya yi tun da wuri: shi wannan malamin, me yake sayarwa? Sau da yawa amsar ita ce darasin kansa. Bai taɓa sayar da buhun wake ko turmin atamfa ba. Sana'arsa koyar da sana'a, kai ne kuma kasuwarsa. Shi ya sa darasin kyauta ba ya ƙarewa da cikakken bayani, kullum sai an bar ka da ƙishirwa, a ce sauran yana ajin kuɗi, ajin kuɗin kuma yana da na gaba da shi. In ya bar ka ka ƙoshi ka tafi, cinikinsa ya mutu. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu koyarwa tsakani da Allah. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma mai raba “sirrin arziki” ga mutum dubu a guruf ɗaya, da wuya sirrin ya zama shi ne arzikinsa.

Daga nan taki ɗaya ne zuwa abin da ba kasuwanci ba ne sam. Ƙasar Hausa ta ga irinsu da yawa. MMM ya yi alkawarin riba kashi 30 cikin ɗari a wata, ya daskarar da asusun mutane a Najeriya a Disambar 2016. CBEX ya rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Tsakanin nan aka yi yayin “mainin”, inda a 2024 samari da 'yan mata, har da magidanta, suka kwana suna dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat, da aka zo rabo a Satumba da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. An fi yin maganar kuɗin da aka rasa. Ni abin da ya fi ci mini rai watannin da suka tafi ne, da kuma ɗabi'ar da abin ya bari: mutum ya saba da jiran sabon abu mai fashewa gobe, har ciniki na gaske, wanda ribarsa jika biyu ce ko uku a kan kaya, ya zama abin raini a idonsa.

Sassabe

Manoman wannan yanki sun riga sun san maganin abin da ya tsiro da yawa. A 1983, a nan jihar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka ko a bar duka, sai manomi ya duba tohon sabara ko kalgo, ya zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski har su zama itace. Garuruwa irin su Ɗan Saga a gundumar Agye sun yi suna da wannan aiki, kuma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da itatuwa a wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Kututturen da aka bar wa toho talatin kurmi yake zama, ba ya ba da itacen girki balle inuwa. Wayar mai koyo haka take: saiwar tana da rai, tohon ne ya yi yawa, kuma mai ita yana jin tausayin yanka ko ɗaya.

To wanne za a bari? Ba daga waya ake fara zaɓen ba, daga kaya ake farawa. Me kake da shi, ko me kake iya samu da araha, wanda wani a nesa yake so? Yankin bai rasa ba. Kilishin Tasawa sananne ne ga duk mai bin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajistar sunan asali a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka, fatar jar akuyar Maraɗi ma ta samu tata shaidar. Ga aya, ga riɗi, ga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga tabarmar kaba. Bayan kaya sai hanya: wace mota ce ke tashi, wace rana, direban wa aka yarda da shi? Bayan hanya sai kuɗi: ta ina za su zo, wa zai biya kuɗin turawa? In mutum ya amsa waɗannan, zai ga darasin da yake buƙata daga intanet bai fi cikin cokali ba.

Masu saye na farko kuma suna cikin wayarsa tun tuni. Su ne 'yan garin da ke ci-rani, da ma'aikatan da aiki ya kai Yamai ko Agadas, da 'yan uwan da aure ya kai wani gari. Sun san shi, sun san ubansa, sun san inda za su kai ƙara in ya ci amana. Masu darasi suna kashe awoyi suna bayanin yadda ake sa baƙo ya yarda da kai. Ɗan Korgom ya gaji wannan yarda a gida, sai ya tsallake ta ya tafi neman mabiya dubu goma da ba su san shi ba.

A duba yadda ake cinikin ragon layya, don a nan abin ya fi fitowa. Wani yana Libiya ko Legas, yana son a yanka wa mahaifinsa rago a gida. Mai kiwo zai fito da ragon da hantsi, ya ba rana baya don haske ya sauka a jikin dabbar. Zai tsayar da yaro kusa da shi don a gane tsayinsa, domin rago shi kaɗai a hoto yana iya zama ɗan tunkiya ko bijimi. Zai ɗauki gefe, ya ɗauki baya, ya buɗe baki a ga haƙora a san shekarunsa, ya dafa gadon baya a ga tsoka, sannan ya sake shi ya yi taku biyar a ga ba ɗingishi. Bidiyon bai fi rabin minti ba. Sai saƙon murya ya biyo: “Salamu alaikum yaya, ya aiki, ya baƙunta? Ga shi nan ka gani da idonka. Wanda na gaya maka ne, Balami, wata huɗu yana cin dusa da harawa. Ka tura kawu ya zo ya taɓa shi, in ya yi maka sai mu yi magana.” Kawu ya zo ya taɓa, aka daidaita, kuɗi suka zo ta Nita, aka ja rago zuwa gidan tsoho, aka ɗauki hotonsa riƙe da igiya aka tura. Talla, shaida, biya, isarwa, duk sun cika, kuma gaba ɗaya abin bai ci data da bidiyon koyarwa na minti biyar zai ci ba. In an yi gaskiya, baɗi shi zai kira da kansa, ya kuma ba abokan ɗakinsa lambar.

Kayan da ba su da ƙafa kuma tasha ake kai su. A ɗinke buhu, a rubuta sunan mai karɓa da lambarsa da babban alƙalami a jiki, a ɗauki hoton buhun da na lambar motar, a tura wa mai kaya tare da lambar direba. Wanda ya iya wannan ya wuce rabin masu takardar shaidar kwas.

Abin da ya rage a koya

Ba cewa ake a bar koyo ba. Cewa ake a jinkirta kowane darasi sai tambayarsa ta zo. Hoto yana fita da duhu? Ranar nan a nemi darasin haske, a kalla, a fita a gwada, a rufe. Masu saye sun fara yawa har ana mance wanda ya biya da wanda bai biya ba? Lokacin WhatsApp Business ya yi. Manhajar ta fito a 2018, kyauta ce, tana da wurin jera kaya da farashinsu, tana da alamomi masu launi da za a liƙa wa kowane mai saye, wannan sabo ne, wannan ya biya, wannan ana binsa. Akwai ƙananan abubuwa da sani ɗaya ya isa: sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma saƙon da aka aika wa mutane da yawa a jere, har 256, ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka. Saboda haka roƙon “don Allah ka yi sabin lambata” ya fi dabaru da yawa amfani. Dandali ɗaya ya isa a fara da shi, a zauna a kansa har a ga ciniki ya maimaitu, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Tsadar data, wadda kowa ke kuka da ita, tana da ɗan alherinta ga mai lissafi. Awa guda ta kallon bidiyo tana cinye ɗaruruwan mega, saƙon murya na minti ɗaya kuwa bai kai mega ɗaya ba. Wanda ya ɗauki data a matsayin jari zai fara da kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, don guruf-guruf ne ke zuƙe ta cikin dare yana barci. Sai ya dubi guruf ɗin kansu. Wanda bai taɓa kawo masa mai saye ko farashin kasuwa ko amsar wata tambaya ba, ya fita, ko in yana jin nauyin wanda ya sa shi, ya rufe masa baki. Fita daga guruf a ƙasar Hausa ba ƙaramin abu ba ne, ana iya kiranka a tambaye ka ko lafiya, shi ya sa rufe bakin ya fi sauƙi. Sannan littafi na takarda, irin na 'yan makaranta: me aka saya, nawa, wa ya tambaya, wa ya saya, me ya rage bayan kuɗin mota da na data da na caji. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Littafin nan ne kaɗai malamin da ba ya da abin da zai sayar maka, kuma bayan wata biyu shi zai nuna darasin da ya biya kuɗinsa.

Malami na mutum ma ɗaya ya isa, kuma a zaɓe shi yadda ake zaɓen maigida a kasuwa: a ga shagonsa, a ga kayansa, a ji bakin waɗanda suka saya. Tsohon dillalin da bai san ko harafi ba amma ya shekara talatin a kara, in aka haɗa shi da yaron da ya iya ɗaukar bidiyo, sun fi kowane kwas. Akwai kuma wuraren da ake samun labari tatacce. RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin harsunan gida, har da Hausa, manomi ya turo hoton ganyen da tsutsa ta ci a gaya masa abin yi. Hukumar SIMA kuma tana bin farashin amfanin gona a kasuwannin ƙasar. Irin wannan ba ya da kiɗa, ba ya da mota mai sheƙi a bayan mai magana, shi ya sa ba ya yawo a rumfar caji.

Mata fa? Su ne masu kayan da suka fi dacewa da wannan ciniki, mai da ƙuli-ƙuli da daddawa da turare, kuma sun daɗe suna kasuwanci daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Da yawansu wayar ta miji ce ko ta ɗa, sai dare take zuwa hannunsu na ɗan lokaci. Abin mamaki, wannan ƙarancin kan sa su fi samarin tsayawa kan abu ɗaya: a saurari saƙonni, a amsa, a sa hoton kayan gobe, a mayar da waya. Rashin karatu ma ba katanga ba ce da ba a haurawa. A wani shirin yaƙi da jahilci da aka fara a 2009 a jihohin Doso da Damagaram, wanda Aker ɗin nan da abokan aikinta suka bibiya, manyan da aka haɗa musu karatu da koyon amfani da ƙaramar waya sun fi sauran ci gaba a rubutu da lissafi. Wayar ta ba su dalilin yin karatun kullum, don akwai wanda za a rubuta wa da farashin da za a duba.

Ruwan darasin kuwa ƙaruwa zai yi. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 a 2020 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar, Starlink ya fara aiki a ƙasar a Maris 2025, kuma a garuruwa an fara samun masu sayar da wifi na awa ko na yini. A Maris ɗin na 2025 dai aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da zai iya ƙara yawan darussan da aka yi da bakin mutanen nan don kasuwarsu. Duk alheri ne. Sai dai birkin da tsadar data ke taka wa mutane zai saki, wanda a da mega ɗari ke tsayar da shi, gobe sai barci.

A cikin wannan hayaniya, labarin da ke yanke wa ɗan kasuwar Korgom hukunci gajere ne, kuma sau da yawa a rediyo yake fitowa. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa da wake, zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana saura 'yan makonni layya, aka dakatar da fitar da dabbobi. Wanda ya karɓi kafin alƙalami daga wani a Daura ko Kano a kan rago ko buhun wake, bai ji sanarwar ba don yana can cikin bidiyo na arba'in kan sirrin TikTok, shi zai nemo kuɗin mutane ya mayar. Layya kuma tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ta 2025 ta faɗo a farkon Yuni, masu biyo ta za su riƙa shiga tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, dusa ta yi tsada. Mai niyyar sayar da rago ta waya, tun a kakar wake zai san ko yana da riba, gwargwadon harawar da ya ɗaure ya ɗora a kan rumfa.